Yadda za ka duba lafiyar rafin unguwarku da kanka, tun daga kansa har ƙafarsa

Jama'a duk wanda ya tashi a Kano ya san Jakara, ko bai taɓa tsayawa ya leƙa ba hancinsa ya sha gaya masa cewa ya iso wurin. Rafin nan daga cikin birni yake tasowa, ya bi ta wajen kasuwar Kurmi, ya ratsa Fagge da gefen Sabon Gari, can gaba ya haɗu da rafin Getsi wanda yake kwaso ruwan masana'antun Bompai, su tafi tare har dam ɗin Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir. Ta kudu kuma ga Salanta da ke kwaso na Sharaɗa, ga kogin Challawa da kamfanonin fata a gefensa, shi kuma ya je ya haɗu da kogin Kano su zama kogin Haɗeja. To ruwan nan da muke toshe hanci idan mun zo wucewa, shi ne dai ake ban-ruwan latas da kabeji da karas da alayyahu da shi da rani, mu kuma mu saya mu kai gida. Shi ya sa nake ganin bai kamata a bar maganar duba lafiyar rafi a hannun 'yan jami'a kaɗai ba, ƙungiyar matasan unguwa ko malamin sakandare da ɗalibansa ko ma su masu lambun da kansu za su iya yin kaso mai yawa na aikin, in dai an bi shi a tsanake kuma an rubuta abin da aka gani. Da Kano zan riƙa misali saboda ita na fi sani, amma ɗan Zariya zai iya yin haka a Kubanni, ɗan Kaduna a magudanan Kakuri da ke zuba cikin kogin Kaduna, ɗan Yamai a kwarin Gunti Yena.

Kafin ka taɓa ruwa, fara sanin daga ina yake zuwa. Wannan shi ne abin da yawancin mutane suke tsallakewa, sai mutum ya je ƙarƙashin gada ɗaya ya cika kwalba ya kai lab ya ce ya auna rafi. Rafi ba ruwan da ke cikin kwarin ne kawai ba, duk ƙasar da in an yi ruwan sama ruwanta zai gangaro cikinsa tana cikin lissafi, rufin kwanon gidanku da lambatun layinku da garejin bakanike da bolar bayan makaranta duk nasa ne. Ka buɗe Google Earth a kwamfuta, ka nemo rafin, ka bi shi sama har inda ya fara, ka sa alama a duk inda wata kwata babba ko ƙaramin rafi ya shigo masa. Akwai wurin da ake komawa tsofaffin hotuna a manhajar, ka ja shi baya zuwa farkon shekarun 2000 ka kwatanta da na yau, wallahi a nan ne jikinka zai yi sanyi, za ka ga fadamar da ta zama filoti, kududdufin da aka cike da shara aka yi shaguna a kai, gonakin bakin gari da suka koma rukunin gidaje. Abin da kake nema a hoton shi ne kaso nawa na ƙasar ya rufu da abin da ruwa ba ya iya nutsewa cikinsa, kwalta da siminti da rufi da intalok. Ba sai ka iya wani lissafi mai wuya ba, ka buga hoton a takarda, ka zana layuka su ba ka murabba'i 100, ka ƙirga guda nawa ne gini ko titi ya fi yawa a ciki. Masu binciken rafukan birane sun daɗe da lura cewa da zarar rufaffiyar ƙasa ta kai wajen kashi 10 cikin 100 rafi yake fara canzawa, in ta haura kashi 25 to lalacewar ta yi nisa. Cikin birnin Kano kam ya wuce nan nesa ba kusa ba, amma a bakin gari inda ake yanka filaye yanzu, can ne wannan ƙirgar take da amfani sosai don akwai sauran abin da za a ceta.

Dalilin da ya sa siminti yake da wannan tasiri shi ne, ƙasa buɗaɗɗiya tana shanye ruwan sama ta riƙe shi ta riƙa sakinsa a hankali, rijiyoyi su samu, rafi ya samu har bayan damina. In aka rufe ta sai ruwan ya taho gaba ɗaya a cikin minti kaɗan da ƙarfinsa, ya cika kwalbati ya shiga gidaje ya zaftare gaɓa, bayan awa biyu kuma kwarin ya koma ba komai sai ruwan wanka da na masai. Kududdufan da ake cikewa su ne da can suke karɓar wannan rarar. Don haka in ka ga rafi yana gudu a watan Maris a cikin gari, kar ka yi murna da wuri, ka tambayi kanka ruwan waye wannan tunda rabon da a yi ruwan sama tun Oktoba.

Daga nan sai ka zaɓi tashoshin da za ka riƙa tsayawa. Huɗu zuwa shida sun isa, amma zaɓin nasu shi ne rabin aikin. Ɗaya ta kasance can sama kafin gari ya taɓa rafin in akwai irin wannan wurin, in babu kamar Jakara da aka haife shi a tsakiyar birni, to ka nemi wani rafi mai kama da shi a ƙauyen kusa wanda gini bai cinye ba ya zama abin kwatantawa, domin in ba ka san yadda lafiyayyen rafi yake a ƙasarku ba ba za ka gane girman ciwon naku ba. Sauran tashoshin ka sa su bibbiyu, ɗaya kafin wata babbar kwata ta shigo, ɗaya bayanta da ɗan nisa inda ruwan ya gama gauraya. Misali kafin mahaɗar Getsi da bayanta, ko kafin mayanka da bayanta. Ta ƙarshe kuma a inda masu lambu suke sa injin ban-ruwa. Ka ɗauki lambar wurin a wayarka, ka ɗauki hoto kana kallon sama da kuma kana kallon ƙasa, kuma duk zuwan da za ka yi ka tsaya a daidai wurin nan.

Ka je wajen mai unguwa tukuna ka gaishe shi ka gaya masa abin da ya kawo ku, haka shugaban masu lambu. Mutane suna ganin baƙo da littafi da kyamara a bakin rafi sai su ɗauka rusau ne ko haraji, kuma suna da gaskiyarsu. Bayan haka ma su ne za su ba ka labarin da babu na'urar da za ta ba ka. Ka zauna da dattijo ka ce, Baba da can wane irin kifi ake kamawa a nan, yaushe aka daina, wace rana ce ruwan yake canza launi, da dare ne ko da asuba. Mai lambu ya san ranar da ruwa ya ƙona masa shuka, ya san wanda in ya taɓa ƙafarsa sai ta yi ƙaiƙayi. Ka rubuta duka da kwanan wata.

Maganar kariya kuma ba wasa ba ce. Takalmin roba dogo, safar hannu, sabulu da ruwa mai kyau na wanke hannu. Kar a shiga da rauni a ƙafa, kar a sa yara ƙanana su shiga ruwan, kuma in hadari ya haɗo ko da ba a kanku ba a fito daga kwarin nan take, ruwan birni ba ya sallama. Wuraren da aka rufe rafin da siminti kamar ƙarƙashin titin Wuju-Wuju kar wanda ya kuskura ya shiga, iskar da ke taruwa a irin wannan rami tana kashe mutum.

To yanzu ka iso tasha. Kafin ka fito da kowane kayan awo, ka yi tafiyar mita 100 a gaɓa kana kallo. Gaɓar a tsaye take kamar an yanka da wuƙa, saiwoyin bishiya a waje, ko kuwa a kwance take da ciyawa ta riƙe ta? Akwai bishiyoyin bakin ruwa irin su giyayya da malmo da kanya, ko an sare an yi bulo? Taku nawa ne daga ruwa zuwa katangar gida ta farko? Akwai sawun tifa da ramukan masu ɗiban yashi? Ƙasan rafin me ke ciki, tsakuwa da yashi mai tsabta ko baƙin taɓo wanda in ka soka sanda sai kumfa ya taso da warin ruɓaɓɓen ƙwai? Wannan warin alama ce cewa iskar oksijin ta ƙare a ƙasan. Ka ƙirga bututun da ke zubo ruwa cikin rafin a wannan mita 100 ɗin, ka rubuta wanne ne yake zuba alhali ba a yi ruwan sama ba. Leda da robar fiya wata su ne suka fi ɗaukar ido, kuma suna toshe kwalbati ba shakka, amma ni a ganina ba su ne suka fi haɗari ba, ruwa zai iya zama babu leda ko ɗaya kuma yana ɗauke da gubar da ido ba ya gani. Launi ma ka rubuta shi yadda ka gan shi, ja-ja na laka bayan ruwan sama daban, toka-toka na ruwan gidaje daban, baƙi ƙirin daban, shuɗi-kore ko mai canzawa daga yau zuwa gobe wannan ka zargi rini ko jima. In gansakuka ta yi kore shar ko kainuwa ta rufe fuskar ruwan, to abincin tsiro ya yi yawa a ciki, daga masai ne ko taki ko sabulun wanki.

Inda na fi so a daɗe shi ne wajen halittun da ke cikin ruwan, don kwalbar da ka ɗiba tana gaya maka halin ruwan a wannan mintin ne kawai, in wani ya saki guba da ƙarfe biyun dare kafin ka zo da safe ta wuce. Amma ƙananan ƙwarin da ke zaune a ƙarƙashin dutse ba su da inda za su gudu, wata da watanni suna nan, in gubar ta wuce ta kansu za ka tarar babu su. Kayan aikin ba tsada: rariyar kicin mai ƙananan ido ko tsohon gidan sauro da aka ɗinka a jikin waya, farin faranti mai zurfi, cokalin roba, da gilashin ƙara girma in akwai. Ka sa rariyar a ƙasan inda kake tsaye ruwa yana bi ta cikinta, ka tattaka ƙasa da ƙafa na minti biyu ko uku, ka ɗaga duwatsu ka wanke bayansu a ciki, ka kaɗa ta cikin ciyawar bakin ruwa, sannan ka juye a farantin da ɗan ruwa ka bari ya lafa. Da farko za ka ga kamar ba komai, ka ba shi minti biyar za ka ga abubuwa sun fara motsi.

Abin da za ka fi so ka gani shi ne wasu 'yan ƙwari masu ƙafa shida da siraran jela uku a baya, gefen cikinsu yana kaɗawa kamar ganye, da wasu masu gina wa kansu ɗan gida da ƙwayoyin yashi ko tsinke suna jan sa. Waɗannan ba sa jure ruwan da oksijin ya yi ƙaranci, in suna nan to rafin da sauran ransa. 'Ya'yan mazari da ƙwaron ruwa da ƙananan jatan lande da kaguwa suna tsakiya, suna jure ƙazanta kaɗan. In kuwa duk abin da ke farantin jajayen tsutsotsi ne sirara masu mutsu-mutsu, da matsattsaku, da 'ya'yan sauro, da wata farar tsutsa mai doguwar jela da take miƙawa saman ruwa tana shaƙar iska, to wannan ruwan ya zama kwata. Ka lura ba yawan halittun ake dubawa ba, iri nawa ne. Faranti cike da jar tsutsa dubu ya fi nuna lalacewa a kan faranti mai iri goma kowanne guda uku. In farantin ya fito wayam ko jar tsutsar ma babu, a wurin da ruwa yake gudana duk shekara, wannan ya wuce ƙazantar gida, ka fara tunanin sinadarin masana'anta. Akwai wani tsari da aka yi a Afirka ta Kudu mai suna miniSASS wanda aka shirya don 'yan makaranta, yana da hotunan rukunonin ƙwarin da makin kowanne, ana samunsa a intanet, ka buga hotunan ka tafi da su. Dodon koɗi ƙanana in ka gan su da yawa a ruwa mai kwanciya ka sanar da asibitin unguwa, wasunsu ne ke ɗaukar tsargiya, kuma yara suna wanka a irin wuraren nan.

Kifi ma haka. Kar ganin tarwaɗa ya ruɗe ka, ita tana iya shaƙar iska daga sama shi ya sa take rayuwa a ruwan da sauran kifaye suka gudu. Tambayar ita ce ban da ita sai wa, akwai karfasa, akwai ƙananan kifaye a gefe, ana jin kukan kwaɗi da damina, zalɓe yana sauka?

Sai awo. Akwai 'yar na'ura kamar biro da masu gidan ruwan leda suke amfani da ita, tana auna yawan gishirin da ya narke a ruwa, TDS ake ce mata, ba ta da tsada. Ga ban-ruwa, ma'aunin hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ƙasa da miligiram 450 a lita babu matsala, daga 450 zuwa 2000 a yi hattara, sama da 2000 zai cutar da shuka da ƙasar kanta. Amma amfaninta na gaske shi ne kwatantawa, in kafin wata kwata ka samu adadi kaza bayanta ya ninka, ka gano bakin zaren. Takardar auna pH, wato ma'aunin tsamin ruwa ko akasinsa, ita ma tana da arha, ruwan lafiya yana tsakanin 6.5 da 8.5, ruwan jima saboda farar ƙasa da ake zuba wa fata yakan haura sama sosai. Oksijin in kun samu aron na'urarsa daga makaranta, ku auna da asuba kafin rana ta fito don lokacin ne yake faɗuwa ƙasa, yawancin kifi suna son miligiram 5 a lita ko fiye, ƙasa da 2 kuwa mutuwa ce. Zafin ruwa ka rubuta, da lokacin da ka auna. Yawan ruwan da ke wucewa kuma ka auna mita 10, ka jefa lemo a sama ka duba sakan nawa ya yi, ka maimaita sau uku ka ɗauki tsaka-tsaki, ka raba mita 10 da sakan ɗin ka samu saurin ruwan, ka ninka saurin da faɗin rafin da zurfinsa, sannan ka ninka da 0.8 saboda ruwan ƙasa bai kai na sama sauri ba.

Abu biyu ne dole sai lab: ƙwayoyin cutar bayan gida da kuma ƙarafa masu guba. Na ƙwayoyin cuta kwalba ce da aka kashe wa ƙwayoyi, ka karɓo daga lab ɗin, ka cika daga tsakiyar ruwa bakinta yana kallon inda ruwan ke tahowa, ka sa a kula da ƙanƙara ka kai cikin awa shida. Ruwan sha bai kamata a samu E. coli, wata ƙwayar cuta ta bayan gida, ko ɗaya a mililita 100 ba, na ban-ruwan ganyen da ake ci ɗanye kuma tsohon ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1989 ya ce kar ƙwayoyin cutar bayan gida su wuce 1000 a mililita 100. Na ƙarafa kuwa, a garin da ake jimar fata ta zamani kromiyam za ka fara nema don da shi ake jimar, sai dalma da kadmiyam daga batir da fenti da gareji. Ma'aunin ruwan sha na kromiyam miligiram 0.05 ne a lita, dalma 0.01. Shawarata in kuɗinku kaɗan ne kar ku ƙarar da shi a kan ruwa kawai, ku ɗebi taɓon ƙasan rafin da ƙasar lambun da ganyen da aka shuka, domin ƙarafan nan zama suke a laka su taru shekara da shekaru, ruwan sama-sama zai iya fitowa da sauƙi alhali lakar ta cika. Sashen kimiyyar sinadarai ko na nazarin ƙasa a Jami'ar Bayero ko wata jami'ar kusa da ku nan ne wurin tambaya, sau da yawa akwai ɗalibin da yake neman abin da zai yi furojet a kai, ku kuna da wurin da mutane, shi yana da lab.

Zuwa ɗaya ba ya isa, wannan kam in an yi shi gara ma ba a fara ba. Aƙalla a je sau uku a shekara: tsakiyar rani wajen Maris ko Afrilu lokacin da babu ruwan sama da zai tsarma ƙazanta, sai bayan ruwan farko mai ƙarfi wanda yake wanko duk abin da ya taru a titi da lambatu tun bara, sai kuma ƙarshen damina wajen Satumba. In da hali a riƙa zuwa da TDS da takardar pH duk wata, har da wata rana da sassafe ko ranar da ba a aiki, saboda masu sakin ruwa sun san lokacin da ido yake kansu. Littafi ɗaya, shafi ɗaya ga kowace tasha, a rubuta har ranar da ba a ga komai ba.

Idan an tara na shekara guda sai a jera tashoshin daga sama zuwa ƙasa a kan babbar takarda, kowacce a ba ta kore ko rawaya ko ja a ɓangare huɗu, gaɓa, halittu, awo, da sakamakon lab. Kar a haɗa su a fitar da maki ɗaya, domin tasha za ta iya samun gaɓa mai kyau da bishiyoyi amma ruwanta guba, wata kuma ruwanta da dama-dama amma an zuba mata siminti babu inda ƙwaro zai maƙale, kuma maganin kowacce daban. Abin da kake nema shi ne tsakanin wace tasha da wace tasha launi ya juya, nan ne za a koma a bi kwata-kwata a ƙafa har a ga daga ina. Kuma a yi adalci, kar a fito a Facebook a kama sunan wani kamfani saboda kawai yana kusa, sai an ga bututun an auna samansa da ƙasansa fiye da sau ɗaya. Wani lokacin ma za a tarar mu ne, masai da aka haɗa da lambatu da sharar da muke jira ruwan sama ya tafi da ita.

Da takardar nan a hannu sai a nemi zama da ma'aikatar muhalli ta jiha, da NESREA wadda aka kafa a 2007 don tilasta bin dokokin muhalli in maganar ruwan masana'anta ce, da REMASAB, hukumar kwashe shara, in maganar shara ce a Kano, da hukumar tsara birane in gini ne a kan hanyar ruwa. A kai kwafi a sa su buga hatimin karɓa a kan naku. Masu lambu kuma a koma a gaya musu sakamakon da baki, a gaban shugabansu, kafin kowa ya ji a rediyo, kuma ba da sigar zargi ba don ba su suka ɓata ruwan ba, a tattauna abin da za su iya yi yanzu-yanzu, kamar tara ruwan a rami ya kwana ya lafa kafin a ba shuka, zuba shi a gindi maimakon watsawa a kan ganye, tsayar da ban-ruwa kwana biyu ko uku kafin a cire, da mayar da latas can inda awo ya nuna ruwan ya fi sauƙi.